Aron Shanun Jalo

Ni na fara gani. Ku rubuta wannan ku ajiye, ku da kuke karanta ni a waya. Tun kafin rediyo ya san da wani abu wai shi gyaran aikin gwamnati, tun kafin 'yan majalisa su ɗinka manyan rigunan da suka zo mana da su, ni Dabo Yatsa-Uku na san gandun shanun gwamnati da ke kan hanyar Tozai ya zama kango. Ba a takarda na gani ba, don ko da girman ƙofar zaure aka rubuta sunana ba zan shaida shi ba. A kara na gani, kasuwar shanu. Dillalin da ya tsufa a karar Illela, in saniya mai roba ruwan ɗorawa a kunne, shaidar shanun gwamnati, ta gifta ta gabansa ana gab da Sallah, ba ya neman malami ya fassara masa. Yau a ce ta kamu da ciwo an yanka, gobe a ce an kai wa wani babba gaisuwa, har garke ya ƙare. Na faɗa a rumfa, aka ce Dabo ya fara.

Autata Iklima ce ke danna wayar nan ina faɗa. Tana gyara mini Hausa ta koma irin ta rediyo, wai don mutanen Kano su gane. Na ce ta gyara tawa, amma maganar mutane ta bar ta yadda ta fito. Rabin labarin nata ne, in kun ga tuntuɓe ku yi mata uzuri.

Ku fara sanin wanda ke magana. Yatsu biyu na hannun damana igiya ce ta cinye su shekarar babban fari, ranar da wani bajimi ya fizge ni daga bakin kara yana jana a ƙasa har kusa da shingen kwastan. Ban saki ba. Na ga fari, na ga ciwon bushiya ya share garke, na ga an rufe iyaka kasuwa ta mutu an buɗe ta tashi da ƙyar, na binne sa'o'ina duka, ga ni zaune ina shan fura. Gida ɗaya gare ni da suna ɗaya. Daga nan har Konni, in Dabo ya ce na lamunta, to Bafulatani zai saki igiya ya juya bai waiwaya ba.

Mannir kuwa, mai neman Iklima, ma'aikacin gandun nan ne, mai duba lafiyar dabbobi a wurin da babu ko akuya. Kullum da safe zai goge babur ɗinsa, ya sa farar rigar aiki a kan yadi mai guga, ya je ya share ofis ya zauna ƙarƙashin dogon yaro har azahar. Ba shi ya sayar da shanun ba, ya tarar da wurin a haka. Ragon Iklima ne ya haɗa su, da ya kumbura ya ƙi cin dusa. Ya zo ya ba shi magani, rago ya warke, likita bai daina zuwa duba shi ba. Na gane tun zuwa na biyu. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da ni, kuma bai taɓa shigowa zaure da takalmi ba. Aka kawo gaisuwa, aka sa rana bayan kaka. Ɗakin uwarta Baraka ya cika da kaya: kwanonin tangaran na Konni, katifa cikin leda, labule ruwan zuma da Iklima ta ɗinka da kekenta ta yi masa baki da zare mai ƙyalli.

Sai labari ya zo. Za a tantance ma'aikata, duk wurin da ba a aiki a rufe shi a sallami mutanensa. Kuma majalisa ta tashi kwamiti yana bin gari gari yana duba kadarorin gwamnati da idonsa.

Ina alwalar la'asar na ji wayar Iklima ta yi ƙara, na ga ta ajiye dutsen guga a tsaye ta duba.

"Karanta mani," na ce.

Saƙon Mannir ne. Ta karanta a hankali: "Kwamiti na zuwa ranar Alhamis. In sun iske gandu wayam, aikina ya ƙare. Muna tafe da Darakta. Ki roƙa mini Baba."

Ban gama sallame salla ba suka yi sallama. Darakta Maharazu, shugaban gandun, ya cika mini zaure da turare da shadda mai maiƙo. Mannir ya tsugunna can bakin ƙofa.

"Baba Dabo, aron yini guda muke so," in ji Darakta. "Shanu masu kyau, su shiga da hantsi, kwamiti ya gani, da la'asar su koma gida. Ai ba baƙon abu ba ne. In baƙo zai zo, ba ka aron tabarmar maƙwabci?"

Gaskiya ce, haka muke a garin nan. Mai biki yana aron tukunya, ango yana aron babbar riga, ba wanda ke ganin aibu.

Na ce, "Yallaɓai, maƙwabci ya san aro. Gwamnati ba ta san shi ba. Abin da ta gani da idonta nata ne."

Ku lura da wannan magana. Ni na faɗe ta, a zaurena, tun ba a je ko'ina ba.

Ya yi murmushi yana gyara agogo. "To, dama an gaya mini. An ce Fulanin yanzu ba sa jin maganar tsofaffin dillalai, sai yara masu waya."

"Wa ya ce?"

"Ana dai faɗa."

Na ce su je in yi shawara. Da na shiga cikin gida na iske Baraka ta ji komai, don zanan da ke tsakanin zaure da tsakar gida ba ya riƙe magana.

"Malam, mi za ka yi?"

"Ba ni yi."

"Ba ka yi. To ɗiyarka ta auri mai zaman banza, ko kuwa a fasa, in kwashe kwanonin ga in maida Konni mata na kallona? Kai da kullum kake cewa Fulanin ƙasar ga duk a tafin hannunka suke. Yau an zo ga ɗiyarka, hannun ya ƙanƙance?"

Iklima kuwa tana gefe. Tana ta goge mayafi ɗaya, wanda ta riga ta goge, har na ji ƙaurin zare. Da ta yi kuka da na iya da ita. Shirun ne ya tashe ni.

Washegari na hau bayan ɗan kabu-kabu zuwa rugar Jalo, gefen Araba. Jalo abokina ne tun gemunmu na baƙi. Duk ranar kasuwa a zaurena yake sauka, ni ne maigidansa a kara, ban taɓa sayar masa da saniya ya koma yana cizon yatsa ba. Shanunsa bokolo ne farare, masu tozo da laɓɓa har ƙasa, irin da in sun taso ka ce gajimare ne ya sauko kiwo. Na tarar an gama tatsar safe, 'yan maruƙa na jere a dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure su a kai.

"Maigida da kansa," in ji shi. "Ko mayanka sun rasa nama sun aiko tsohon kura?"

"Kura ta tsufa, nono take sha yanzu. Kawo ƙwarya."

Muka sha, na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba. Ya daɗe yana kallon shanun, sandarsa a wuya.

"Maruƙan fa?"

"Su zauna a dangwali. Hanya da nisa, rana da zafi. Kafin tatsar marece uwayensu sun dawo."

"Ka san saniyarmu ba ta ba da nono sai ta ga ɗanta. Ɗan kuma bai san komi ba sai ita."

"Ni za ka koya wa saniya?"

Ya yi dariya. Ya kira wata da suna, Wule, mai farin goshi da ya fi jikinta haske, ta taho ta sa hanci a hammatarsa. Haihuwarta ba ta daɗe ba.

"Wanga yaro, shina son ɗiyar taka da gaske?"

"Shina so."

"To. Ba gwamnati na ba wa ba, Dabo. Ban san ta ba. Kai na ba."

Na sa yatsuna uku cikin hannunsa na ce na lamunta.

Ranar Alhamis da hantsi muka koro su, ni da Jalo. An shafe bangon gandu da farar ƙasa, an cika kwamin ruwa da tanka, an zuba harawa sabuwa. Jalo ya ga mutanen gwamnati sun yi yawa, ya ce zai jira can gindin wata tsamiya bayan shinge. Ina shiga na ga ma'aikata da abin huda kunne da buhun roba ruwan ɗorawa.

"Wannan fa?" na ce.

"Shaidar gwamnati ce, Baba," in ji Darakta. "In babu ita kwamiti zai gane. Da yamma a cire."

Kunnen kowace saniya ta Jalo da tsagar gidansu, wadda ya gada daga kakansa. A kan tsagar nan suka huda. Na ji abin har cikin haƙorina, na ce a tsaya. Mannir ya matso, abin hudar a hannunsa, gumi na bin wuyan farar rigarsa.

"Baba, don Allah. Yini guda ne."

Shi ya huda kunnen Wule. Ta girgiza kai, jini ya ɗiga a kan takalminsa.

Suka iso wajen azahar, motoci baƙaƙe a jere. Shugaban kwamitin dogo ne, da babbar riga fara mai aiki har gwiwa da hula zanna. Akwai wata 'yar majalisa a cikinsu, da tabarau da leshi shuɗi, ita ba ta zauna a rumfar da aka kafa ba, cikin shanu ta shiga tana ɗage zane daga kashi. Wani ma'aikacinsu yana bin kunnuwa da wata na'ura, duk wadda ya kai wa sai ta yi ƙara kamar tsuntsu.

Kada ku ce sakarkaru ne. Matar nan ta yi tambayoyin da ni ma zan yi. Ta tambayi abincin da ake cewa ana saye duk shekara, ina rumbunsa. Ta tambayi injin ruwa. Ta duƙa ta dubi hantsar Wule da ta cika ta yi tauri, ta ɗago.

"Darakta, shanu masu shayarwa, ina maruƙansu?"

"An yaye su, ranki ya daɗe. Sabon tsari ne."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta yi rubutu. Na ce a raina, ga wadda za ta tone mu, mu ji kunya mu kora shanunmu gida. Wallahi da haka aka yi da na yi sadaka.

Sai shugaba ya miƙe aka ba shi lasifika. Ya yaba. Ya ce sun zaga wurare sun ga motoci babu taya, sun ga gidajen gwamnati an mayar na haya, sun ga sunayen ma'aikatan da suka daɗe a kabari suna karɓar albashi, amma nan ga dukiyar jama'a da ƙiba da ƙoshin lafiya. Aka tafa. Ya ce sai dai majalisa ta riga ta yanke cewa kiwo ba aikin gwamnati ba ne. Duk irin wannan kadara za a yi gwanjonta a bainar jama'a, tun kafin ɓarayi su cinye ta kamar yadda suka cinye sauran. Daga wannan lokaci an rufe ƙofa, jami'an tsaro za su zauna a kai, ko wutsiya ɗaya kada ta fita sai ranar gwanjo.

Aka sake tafawa. Har Darakta ya tafa.

Na miƙe. Ni ba a ba ni lasifika ba, ban kuma taɓa bukatarta ba.

"Ranka ya daɗe, shanun ga na aro ne. Na Jalo ne, ga shi can gindin tsamiya. Ni na aro su da safen ga, maruƙansu na ɗaure a Araba."

Kowa ya waigo. Sai Darakta ya yi 'yar dariya, ya karkata wajen shugaba yadda kowa zai ji.

"Baba Dabo ke nan, ranka ya daɗe, tsohon dillali. Ya ji gwanjo, yana neman la'ada. Ko watan Sallah aka gani, shi ya fara gani."

Mutanen garinmu, waɗanda na yi wa ubanninsu lamuni, su suka fara dariya. Matar nan ba ta yi ba. Ta waiga ta nemi mai farar riga.

"Kai ne mai duba su kullum?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka ji abin da dattijo ya ce. In aro ne, ka san wannan yaudarar majalisa ce, kuma da kai a ciki. In ba aro ba ne, ka faɗa. Shanun wa ne?"

Mannir ya dubi Darakta. Ya dubi takalminsa, inda jinin ya bushe. Ni bai dube ni ba, amma dama bai taɓa haɗa ido da ni ba.

"Na gwamnati ne, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe abin rubutunta. Me za ta yi? Ga roba a kunne, ga na'ura ta shaida, ga ma'aikaci ya shaida, ga tsoho guda da gari ke yi wa dariya. Abin da aka nuna musu shi suka gani.

Motoci suka tashi. Darakta ya leƙo ta taga ya ce mini magana ce ta takarda, gobe zai gyara. Daga ranar wayarsa a kashe take.

Na je gindin tsamiya. Jalo ya riga ya ga an sa kwaɗo a ƙofa. Rana ta karkata, shanun suka taru a kusurwar shinge ta wajen Araba suka fara kuka. Wanda bai taɓa jin saniya mai cikakkiyar hantsa tana kiran ɗanta ba, kada ya ce mini ya san tashin hankali.

"Maigida, lokacin tatsa ya yi," in ji Jalo.

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ban zauna ba, kada wani ya ce na zauna. Na je gidan ɗan majalisarmu, aka ce yana birni. Na bi shi birni da tsofaffin ƙafafuna, na yini a kan benci. Wani mai kirki a ofishin ya ce in kawo koke a rubuce, da shaidar ma'aikacin da zai amsa cewa an yi aro. Kwamitin zai duba in ya dawo hutu. Na ce yaushe ne gwanjo? Ya ce ba Lahadin nan ba, ta sama, a karar Illela, don a can ake samun masu saye. Na ce hutun fa? Ya ce sai bayan kaka.

A kara za a yi. A gaban rumfata.

Iklima kuwa, da gari ya waye bayan zuwan kwamiti, ta ɗaura tsohon zane ta ɗauki gwangwanin madarar gari da kwalaben goyo ta tafi Araba. Ita da matan rugar suka yi ta fama. Wasu maruƙan suka karɓa, yawanci suka kau da kai. Ta dawo da yamma tana warin maraƙi, lallen da ta fara gwadawa a hannu ya dusashe. Baraka ta dube ta, ta shiga ɗakin kaya ta ja labule. Tun ranar ba ta ƙara ce mini mi za ka yi ba.

Saƙon Mannir ya shigo muna tsakar gida. Wannan karon ban ce ta karanta ba, ita ta karanta da kanta, da ƙarfi.

"An rufe gandu, an sallami kowa. Ni kaɗai aka ce za a mayar hedikwata in na kama bakina. In na yi magana gidan yari ne. Don mu na yi, Iklima. Ki fahimce ni."

Ta rubuta masa: "Ɗan Wule ya ƙi kwalba. Ka zo ka faɗi gaskiya."

Ya amsa: "In na faɗa, wa zai aure ki daga kurkuku?"

Ta rubuta: "In ba ka faɗa ba, wa zan aura?"

Alamar karantawa ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ni ban tsine masa ba, kuma na hana ta. Yaro ne da aka ɗora wa dutsen da manya suka sassaƙa. Waɗanda suka ci shanun gandu na asali suna can cikin sanyin mota, ba wanda ya tambaye su, tunda an zo an ga shanu. Gyaran ke nan: an sallami masu shara, ɓarawo ya sami shaidar cewa bai saci komai ba.

Da maraƙi na farko ya mutu, na je wurin sajan da ke gadin ƙofa. Mutum ne mai hankali, ya ba ni kujerarsa.

"Ka bari mu shigo da maruƙan su sha, mu fitar da su."

"Baba, ni ma ɗan makiyaya ne, kukan nan ya hana ni cin abinci. Amma umarnin da aka ba ni, abin da ke cikin shinge na gwamnati ne. Ba a ce kada a shiga ba. An ce kada a fita. In sun shiga, roba za a sa musu."

Na kai wa Jalo wannan magana ina tsammanin zai tofar da yawu. Maruƙan nan su kaɗai suka rage masa. Su ne garken gobe, in sun rayu. Ya tsugunna gaban dangwali, ya ɗaga kan ɗan Wule, wanda idonsa ya faɗa, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ya buɗe bakinsa ya taɓa harshen. Sai ya fara kwance madaukai ɗaya bayan ɗaya.

"Jalo, mi kake yi? In sun shiga sun tahi ke nan."

"Na ji."

"Ka bari zuwa Lahadi, ko Allah zai kawo wata hanya."

"Ba su kai Lahadi."

Jiya da hantsi ya koro su, masu iya tafiya suna tangaɗi, marasa iyawa a kan amalanke. Ɗan Wule a kafaɗarsa ya ɗauko shi, kamar yadda ake ɗaukar yaro mai zazzaɓi. Iklima na biye da kwalabenta da ba su da sauran amfani. Sajan ya buɗe ƙofa ya kau da fuska. Shanun suka yo kanmu, kowace tana shinshina tana neman nata. Wule ta ture biyu ta iso, ta hau lasar ɗanta tun yana kafaɗar Jalo. Ya sauke shi, ya tallafe shi da gwiwa har ya kama nono. Ya tsaya sai da ya ga wutsiyar ta fara kaɗawa.

Sannan ya fito, aka mayar da kwaɗo. Ya naɗe dangwalin da babu komai a kai ya rataya a kafaɗa.

Na tsaya a gabansa. Na shirya ya zage ni, na shirya ya ɗaga sanda, da ya yi da na ji daɗi.

"Maigida, ka rame," ya ce. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya gyara dangwalin a kafaɗa, ya ƙara da cewa:

"Ran Lahadi kada a share mani zaure. Ba ni da abin kawowa kasuwa."

Ya dubi Iklima ya ce Allah ya yi mata albarka, ya kama hanyar Araba.

Yau da safe Iklima ta sauke labulen ruwan zuma ta ninke. Ta haɗa turamen da aka kawo na sa rana, da zobe, ta ɗaure a ɗankwali. Wayar nan ma da kuke karanta ni a cikinta Mannir ya saya mata. Ta ce in mun gama wannan za ta goge hotuna ta sa ta cikin ƙullin, a mayar gidansu kafin azahar. Na ce ta yi tunani, miji mai aikin hedikwata ba a tsintarsa a hanya. Ta ce, "Baba, shi ya huda kunnen."

Gobe Lahadi. Za a sayar da su, na sani, kuma ni na fara sani. Na zaga dillalan kara ɗaya ɗaya, sun rantse mini ba mai riƙe igiyar shanun Jalo. Rabinsu za su karya rantsuwa kafin rana ta take, sauran kuma ba a bukatarsu, don masu tirela sun riga sun iso daga kudu, kuma mai gwanjo ƙararrawa gare shi, ba ya neman dillali. Koken da na sa aka rubuta mini yana can kan tebur yana jiran a dawo hutu. Babu abin da zai dawo da garken nan Araba.

Amma na ce na lamunta, kuma ban mutu ba tukuna. Da an fito da su zan shiga in kama igiyar Wule in naɗe ta a hannun nan. Duk wanda ya saye ta, a hannuna zai karɓa, a gaban jama'a, ina faɗin sunan mai ita. Kuna can kuna cewa Dabo baki ne kawai, na ji ku, na saba. To karar Illela ba ɓoyayyen wuri ba ce, rumfata ce ta fari in ka shigo ta ƙofar gabas. Mai shakka ya zo da sassafe ya sami wurin tsayawa. In kuma yana jin ƙarfi, ya matso ya gwada buɗe yatsu ukun da bajimi ya kasa.